Wa Zai Koya wa Fadaman Mada Noman Kayan Miya?

Uwargida a unguwar Fadaman Mada da ke Bauchi ba ta buƙatar masanin tattalin arziki ya sanar da ita cewa abinci ya yi tsada, kuɗin cefane na sanar da ita kowace safiya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk kwandon tumatir da aka sauke a Kasuwar Muda Lawal yana zuwa ne da kuɗin motarsa a kai. Zuwa tsakiyar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari. Hatsi dai mai hali na iya saye da kaka ya ajiye. Ɗanyen ganye kuwa ba ya ajiyuwa, kuma idan aljihu ya matse, shi da tattasai ake fara ragewa a tukunya. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa a rana, abin da gidaje da yawa a yau ba sa ko kusantarsa.

Wannan ne ya dawo da maganar lambun gida bakin mutane: a shuka alayyafo a buhu, a dasa attaruhu a tsohon bokiti. A 2024 uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta gudanar da gasar lambun gida ga mata a faɗin Najeriya. Niyya ce mai kyau, amma mun taɓa bin wannan hanya. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, aka ce kowa ya noma bayan gidansa, makarantu suka buɗe gonaki, aka raba iri da taki. Bayan 'yan shekaru aka neme shi aka rasa. A ganina abin da ke kashe irin waɗannan shirye-shirye guda ne: ana raba iri, ba a raba malami. Wadda ta shuka tumatir ya bushe mata sau biyu, babu wanda ya gaya mata dalili, ba za ta sake gwadawa ba, kuma ba laifinta ba ne.

Noma a cikin gari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ganuwar manyan biranenmu ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da filayen noma da kududdufai, domin idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya a sami abin kaiwa baka. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya tarar da wani babban ɓangare na cikin ganuwa fili ne ana nomawa. A kewayen Kanon kuma, shekara da shekaru jakuna ke kwashe toka da shara da kashin dabbobi daga birni zuwa gonakin karkara, su dawo da hatsi da itace. Abin da masana ke kira tsarin abinci mai ɗorewa a yau, ga shi nan kakanninmu sun yi shi da mangala. Bauchin Yakubu ma da ganuwarta, kuma fadamun da ke kewaye da ita sun daɗe suna ciyar da gari da rani.

Abin da ya sa fadama ta zama fadama yana ƙarƙashin ƙasa. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Bauchi da damina yana taruwa a kwari, ya zube laka da ruɓaɓɓen ganye, ya nutse ya zauna kusa da sama. Shi ya sa mai lambu ke haƙa 'yar gajeriyar rijiya ya sami ruwa a watan Fabrairu, lokacin da tudu ya bushe ƙurmus. Wannan ruwan ne Shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990, ya dogara da shi, kuma Bauchi na cikin jihohin da aka fi mai da hankali a kansu tare da Kano, Jigawa, Sakkwato da Kebbi. Injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo, noman rani ya bunƙasa. Sai dai a daidai lokacin da ake raya fadamun ƙauye, na cikin gari bulo da siminti ke cinye su. Idan aka rufe fadama da gini, hasara biyu ake yi: an rasa wurin shuka, ruwan sama kuma ya rasa inda zai nutse, sai ya nemi hanya ta cikin ɗakunan mutane.

Tunda fili ya ƙare, saura tsakar gida, harabar makaranta da filotan da ba a gina ba tukuna. A nan ilimi ya fi girman fili muhimmanci, kuma darasin farko na ruwa ne.

Ba kowane ruwa ake zuba wa abin da za a ci ba. A Kano, 'yan lambun da ke bakin rafin Jakara da na Getsi sun daɗe suna ban-ruwa da ruwan kwatar gari da na masana'antun Bompai, kuma binciken masana ya sha gano ƙarafa masu guba kamar dalma da kuromiyam a ƙasar wurin da ganyen da ake nomawa. Bauchi ba ta da masana'antu irin na Kano, amma tana da kwatoci da masai da ke tsiyaya. Ruwan kwata na ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki da ƙwayoyin cutar amai da gudawa, haɗarin kuma ya fi yawa ga abin da ake ci ɗanye: latas, karas, kabeji da kokwamba. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko ganye, waɗannan lafiya lau, a tara su a bokiti. Wanda aka yi wanki da omo ko bilic kuwa gishirin da ke cikinsa yana taruwa a buhu ya ƙone saiwa. A zuba ruwa a gindi, ba a kan ganye ba, da sassafe ko da yamma, a kuma lulluɓe saman ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa don rana ta rage sha. A unguwar da famfon Dam ɗin Gubi ba kullum yake zuwa ba, jarka kuma sai da kuɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ke raba lambun da zai kai azumi da wanda zai mutu a mako uku.

Sai taki. Kusan kowane gida akwai akuya ko kaji, ga toka, ga ɓawon kayan miya, duk ana kwashewa zuwa bola. Kuskuren da sabon mai lambu ya fi yi shi ne zuba ɗanyen kashin kaji a gindin shuka, washegari ya ga ganye ya yi yaushi. Taki sai ya ruɓe. A tara shi a rami ko tsibi, a gauraya da busasshen ganye, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. Ƙananan halittun da ido ba ya gani su ke cinye shi, zafin da suke fitarwa har hannu na jin sa, kuma zafin nan ne ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Bayan wata biyu zuwa uku, idan ya yi baƙi, wari ya tafi, ya nuna. A haɗa shi da ƙasa da ɗan yashi, a huda gindin buhu don kada ruwa ya kwanta. Alayyafo cikin mako huɗu ya isa yanka.

Maganin ƙwari shi ya fi tayar mini da hankali. Tun 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, hannun mutane ya saba da feshi. To, a tsakar gida yara na rarrafe. Fiya-fiya da danginsa ba su da wurin zama kusa da abin da za a tsinka a jefa a miya da yamma. Irin wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. A lambun buhu goma, cire tsutsa da hannu da fesa jiƙon 'ya'yan dogon yaro sun wadatar.

Kada kuma a yi wa mutane alƙawarin da buhu ba zai iya cikawa ba. Lambun gida ba ya ba da masara ko shinkafa. Abin da yake bayarwa shi ne zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, lalo da ɗan attaruhu, wato daidai abin da ake fara yankewa daga cefane. Ko birnin Habana na ƙasar Kuba, da ake yawan kafa misali da shi, ganye ya samar wa kansa bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, ba hatsi ba. Kuma abin da ya riƙe shi shi ne gwamnati ta ba da filayen da ba a amfani da su, ta kuma ajiye masu ba da shawara a unguwanni.

Masu wannan ilimi Bauchi na da su. Akwai malaman gona na Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta jiha, akwai Kwalejin Aikin Gona da ke Yalwa, akwai malamai da ɗaliban noma na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Matsalar ita ce an tsara aikin malamin gona ne don ƙauye, kuma ko can malami ɗaya ke fama da dubban manoma. Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba: dattijon mai lambu da ya shekara talatin yana yanka fangali, wanda da ganin launin ganye ya san ko ruwa ne ya yi yawa ko taki ya yi kaɗan. Shi ya kamata a gayyato makaranta, a biya shi ladan lokacinsa, a kira shi Malam a gaban yara. Cikin gidaje kuwa, inda mafi yawan lambun zai kasance, mace ce za ta shiga. Malamar gona ɗaya da za ta riƙa zuwa ajin matan aure na Islamiyya sau ɗaya a wata za ta isar da saƙo hannu da hannu inda rediyo ba ya kaiwa.

Lambun makaranta yana da nasa ciwon. Yawancinmu mun san gonar makaranta a matsayin wurin horo: ka makara, ɗauki fartanya. Yaron da ya tashi da haka ba zai so noma ba. A ba kowane aji fangalinsa, su auna ruwa, su rubuta ranar shuka da ranar girbi, su sayar, su lissafa riba, su kai ragowar dashe gida ga iyaye mata. Kafin a shuka komai kuma, shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su fara zama da mai unguwa a kan abu biyu: shingen da zai tare awaki, da sunan wanda zai riƙa ban-ruwa idan aka tafi hutu.