Gyambon Wuya da Ya Ƙi Jin Magani

A ɗakin da nake raba maganin tibi, waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne masu zuwa da mayafi ko rawani naɗe a wuya. In an kwance, sai a ga kaluluwa ta kumbura ta fashe, tana tsiyayar da mugunya, bakin ramin ya yi duhu. Kafin su iso wurinmu, wanzami ya tsaga, mai kemis ya ba da kafso iri-iri, gwaggo ta ce sammu ne, maƙwabci ya ce daji. Da yake ba sa tari, ba wanda ya kawo tarin fuka a ransa.

Alhali ƙwayar cutar ɗaya ce, wadda Robert Koch ya gano a Jamus a 1882. Ta huhu ta fi shiga, amma tana bin jini ta sauka a kaluluwa, ko ƙashi, ko fata. Mutane da yawa na ɗauke da ita shekara da shekaru lafiya ƙalau, domin garkuwar jikinsu ta danne ta. Ranar da garkuwar ta yi rauni, sai ta motsa.

Kanjamau ce kan gaba wajen raunana garkuwa. Sai ciwon suga, da rashin abinci mai gina jiki, da magungunan ciwon daji. Akwai kuma wanda ya fi ba ni takaici, domin da kuɗinmu muke sayensa: ƙwayoyin ƙiba, su "sha ka fashe", da 'yan mata ke haɗiya gabanin biki. Da yawansu deksametason ne, wanda yake kumbura kumatu yana kuma kashe ƙarfin garkuwa.

Tibin fata ba shi da yawa cikin masu tibi, kuma kamarsa ba ɗaya ba ce. Wani tabo ne ja-ja a fuska, mai faɗaɗa a hankali har ya ci hanci. Wani kuma kaushi ne mai tauri a hannu ko ƙafa. Ga wanda kanjamau ta ci ƙarfinsa, yakan feso da ƙananan ƙuraje a ko'ina, tare da zazzaɓi da rama da gumin dare. Wannan alama ce cutar ta bazu cikin jini, kuma ba ta jiran gobe.

Gano shi yana da wuya. Gwajin kaki kan fito babu komai. Allurar gwaji ta fata ma takan yi shiru, saboda garkuwar da za ta amsa ta riga ta raunana. Sai likita ya zuƙo ruwan kaluluwar, ko ya yanki ɗan naman gyambon a duba, a kuma saka a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Muna haɗawa da hoton ƙirji da gwajin kanjamau da na suga. Wasu kan ɓata rai in na ambaci kanjamau. Nakan ce, "Baba, ba zarginka nake yi ba, so nake mu san abin da ya buɗe wa cutar ƙofa."

Magani kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati a Najeriya, kuma yawanci wata 6 ne: wata 2 ana shan haɗin magani 4, sannan wata 4 ana shan 2. Ɗaya daga ciki, rifamfisin, yana mayar da fitsari ja, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da wasu magungunan kanjamau, don haka a gaya wa likita duk abin da ake sha. In ido ya yi rawaya ko gani ya dusashe, a dawo nan take.

Gyambon kan fara bushewa tun kafin a kai ƙarshe, kuma a nan ne muke rasa mutane. Sai su ajiye magani, cutar ta dawo, wani lokacin ta daina jin na farkon, a koma ga wasu magungunan da suka fi wahalar sha.