Kowane Mai Rai Daga Mai Rai Ya Fito

Ilmin halittu shi ne sashen kimiyya da ke binciken masu rai, watau tsire-tsire, da dabbobi, da ƙwari, da 'yan Adam, har da ƙananan halittun da ido ba ya iya gani. Mutane da yawa suna tsammanin ilmi ne da bai shafi kowa ba sai ɗalibai da likitoci. Alhali kuwa tsakar gidan kowane magidanci cike take da darussansa: akurkin kaji, da randar ruwa, da buhun wake, da 'yar gonar masara ta bayan gida. Wannan ƙasida za ta yi bayanin ƙa'ida ɗaya daga cikin manyan ƙa'idodinsa, da kuma yadda saninta ke tsare lafiyar iyali da abincinsu.

Alamomin mai rai

Abin da ya bambanta mai rai da dutse ko ƙarfe shi ne, mai rai yana cin abinci, yana numfashi, yana girma, yana fid da abin da jikinsa ba ya bukata, yana jin abin da ya taɓa shi, yana kuma hayayyafa. Akuya tana yin waɗannan duka a fili. Itacen zogale ma yana yin su, sai dai a ɓoye. Ganyensa ne madafarsa, inda yake haɗa ruwan da saiwa ta jawo da iskar da ya sha, ya mai da su abinci da taimakon hasken rana.

Jikin kowane mai rai an gina shi ne da waɗansu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna, kamar yadda ake gina katanga da tubali. Su ake kira ƙwayoyin halitta. Wani Baturen Ingila, Robert Hooke, shi ya fara bayaninsu a 1665, bayan ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girman abu. Akwai halittun da jikinsu duka ƙwaya ɗaya ce tak, irin waɗanda ke sa madara ta zama nono. Kowace ƙwaya daga wata ƙwaya take fitowa, kamar yadda kowane mai rai yake fitowa daga mai rai irinsa. Wannan ita ce ƙa'idar da ake magana a kai.

Tsutsar nama da kwaɗin damina

Tun zamanin da, jama'a a ƙasashe da yawa sun ɗauka ruɓaɓɓen nama shi ke haifar tsutsa, kwaɗi kuma tare da ruwan sama suke faɗowa. A 1668 wani likita na ƙasar Italiya, Francesco Redi, ya gwada maganar. Ya sa nama cikin kwalabe, ya bar waɗansu a buɗe, ya rufe bakin waɗansu da yadi mai shara-shara. Naman duka ya ruɓe, amma tsutsa ba ta fito ba sai a wanda ƙuda ya sami sauka a kansa. Watau tsutsa 'yar ƙuda ce. Kowa yana iya maimaita wannan gwaji a gida da kwalba 2 da ɗan ƙyalle.

Bayan shekara wajen 200, Louis Pasteur na Faransa ya nuna haka abin yake ga halittun da ido ba ya gani. Ya tafasa romo, ya hana ƙura shiga cikinsa, romon ya zauna bai lalace ba. Matan Fulani sun daɗe suna aiki da wannan ƙa'ida, domin sukan zuba ɗan tsohon nono cikin sabuwar madara don ta yi saurin kamawa. Iri ne suke shukawa. Fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya daɗe a ajiye ita ma irinta iska ta kawo. Kwaɗi kuwa cikin ƙasa da wurare masu laima suke fakewa da rani. In ruwa ya sauka sai su fito su yi ƙwai a kududdufi, ƙwan ya ƙyanƙyashe talibambam, shi kuma daga baya ya fid da ƙafafu, wutsiyarsa ta ɓace, ya zama kwaɗo.

Namiji da tamata a cikin tsire-tsire

Kowa ya san ƙwan kazar da ba ta tare da zakara ba ya ƙyanƙyashewa, ko da ta cika kwana 21 ɗinta tana kwanci. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, yawancin tsire-tsire ma sai sashen namiji ya sadu da na tamata kafin su ba da 'ya'ya.

Masara ta isa misali. Furen da ke can ƙolin kara shi ne namiji, shi ke zubo da wani gari rawaya, irin bununin gero. Gemun da ke bakin goyo shi ne na tamata, kowane silin gemu kuwa yana haɗe da gurbin ƙwaya ɗaya. Silin da garin nan bai faɗa kansa ba, gurbinsa ba zai cika ba. Dalilin masara mai giɓi ke nan. Da yake iska ce ke ɗaukar garin, gara a shuka masarar bayan gida a gajerun layuka da yawa kusa da juna, maimakon dogon layi guda a jikin danga.

Gwanda da dabino sukan zo da itace namiji dabam, tamata dabam. Wanda ya sare dukan mazan gwanda don ba su 'ya'ya, yana iya rasa 'ya'yan matan ma. Kabewa da kankana kuwa zuma da sauran ƙwari ne ke kai musu garin daga fure zuwa fure. Saboda haka fesa maganin ƙwari barkatai lokacin da shuka ke fure hasara ce ga manomi.

Zagayen rayuwa

Tun da yake kowane mai rai yana da mafari, to, yana da matakan da yake bi daga ƙwai ko iri har ya girma ya haifi wani. Wannan shi ake kira zagayen rayuwa. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Wanda ya san zagayen rayuwar abin da ke cutarsa ya san matakin da ya fi rauni, inda zai tsinke shi ba tare da wahala ba.

Ƙuda yana da mataki 4: ƙwai, da tsutsa, da matakin kwanciya cikin ɗan kwanso, sa'an nan ƙuda mai fiffike. Tamata takan saka ƙwai wajen 100 a zama ɗaya, a kan kashi ko juji ko mushe, kuma a lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwai ya zama ƙuda. Bin ƙuda ɗaya ɗaya da mafici ba ya ƙarewa. Rufe bakin masai da kwashe shara tun mako bai zagayo ba su ne ke hana shi wurin haihuwa, su kuma rage zawo da atuni a gida.

Sauro shi ma mataki 4 gare shi, 3 na farko duk cikin ruwa. 'Yan tsutsotsin nan da ke wutsil-wutsil a randar da aka daɗe ba a wanke ba 'ya'yan sauro ne, kuma a yanayin zafi mako 1 zuwa 2 sukan yi su tashi. Tamata ce kaɗai ke cizo, domin tana bukatar jini don ƙwanta. A 1897 wani likita, Ronald Ross, ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauro, a ƙasar Indiya. Ita ma ƙwayar mai rai ce, tana zagayawa daga jinin majiyyaci zuwa cikin sauro, daga bakin sauro zuwa jinin mai lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da kashi 1 cikin 4 na waɗanda suka kamu da wannan zazzaɓi a duniya a 2022, a Nijeriya suke.

Sauron zazzaɓi ya fi son 'yan kududdufai da ramukan da ruwan sama ke kwanciya, yana kuma cizo da dare, don haka cike ramuka da kwana cikin gidan sauro su ne maganinsa. Sauron da ke yaɗa shawara kuwa ya fi haihuwa a tulu, da gwangwani, da tsohuwar taya. Ƙwansa yana manne wa jikin mazubi, yana jure bushewa wata da watanni. Shi ya sa zubar da ruwa kawai bai isa ba, sai an cuɗe cikin randa sau ɗaya a mako an kuma rufe ta.

Ƙwaron wake

Sau da yawa akan ɗaure buhun wake lafiya lau, bayan wata 2 ko 3 a kwance a tarar ya zama gari da huji, har a ce wake ne ya haifi ƙwaro. Gaskiyar ita ce tun a gona uwar take saka ƙwai a jikin kwanson wake. Tsutsar ta huda ƙwaya ta shige, ta ci ta girma a ciki, bayan kamar wata guda ta fito ƙwaro, shi kuma ya saka sabon ƙwai a kan waken da ke kusa.

Amma ƙwaro mai rai ne, dole ya yi numfashi. In aka busar da wake sarai, aka cika duro ko jarka da shi maƙil, aka toshe bakin yadda iska ba ta shiga, ƙwarin da kansu za su shanye iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. A kan wannan hikima aka yi buhun PICS mai ruɓi 3, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙago, aka shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Wannan ya fi barbaɗa guba a cikin abincin da iyali za su ci.

Darasin kurkunu

Babu misalin da ya kai na kurkunu nuna amfanin wannan ilmi. A ƙidayar 1988 an sami mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya, cutar kuwa ba ta da allurar rigakafi, ba ta da maganin sha. Sai dai an san zagayenta. Mai kurkunu ya tsoma ƙafa a tafki, tsutsar ta zuba 'ya'yanta, waɗansu ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye su, wani mutum ya sha ruwan, bayan kamar shekara guda tsutsa ta ɓullo masa. Sai aka tsinke zagayen: aka raba ƙyallen tace ruwa, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka hana masu kurkunu shiga tafki. Janar Yakubu Gowon da tsohon Shugaban Amurka Jimmy Carter sun taimaka ƙwarai wajen wannan yaƙi. An ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da cutar.

Abin da ake bukata ga jama'a

Ana kira ga magidanta, da matan gida, da malaman makaranta, su riƙa nuna wa yara waɗannan abubuwa da idonsu: tsutsar randa, da hujin wake, da gemun masara. Duk sa'ad da wani ƙwaro ko cuta ya addabi gida, a fara da tambaya: ina yake haihuwa, me yake ci, kwana nawa yake yi kafin ya girma? Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi ma'aikacin lafiya ko malamin gona na ƙaramar hukumarsa.