Saint-Véran: Ƙauyen Faransa da sanyi ya tsara wa rayuwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos da hunturu ya san yadda tudu ke ƙara wa sanyi kaifi, alhali tsayin Jos daga teku bai wuce kimanin mita 1,200 ba. Saint-Véran kuwa, wani ɗan ƙauye a kudu maso gabashin Faransa, yana can a mita 2,042, cikin duwatsun Alps, dab da iyakar Italiya. Yana yankin Queyras na lardin Hautes-Alpes, kuma yana cikin ƙauyuka mafi bisa a Turai da mutane ke zaune a cikinsu duk shekara.

A nan ƙanƙara takan lulluɓe ƙasa wata da watanni, kuma ita ce ta koya wa mutanen yadda za su yi gini. Ƙasan tsohon gida na dutse ne, mai kaurin bango, inda iyali ke kwana ɗaki ɗaya da shanunsu domin ɗumin dabbobin ya rage musu ɗari. Sama kuma gungumen itace ne aka jera, aka bar 'yan kafofi don iska ta riƙa busar da ciyawa da hatsi. Da yake gidan itace cike da busasshiyar ciyawa ba ya wasa da wuta, sai suka raba ƙauyen unguwa-unguwa da tazara a tsakani, kowace da wurin ɗiban ruwanta da tandun burodinta. Wani gida da aka gina a 1641 yana nan tsaye, an mai da shi gidan tarihi.

Zaman mutane a wurin daɗaɗɗe ne, domin tun kimanin shekara 4,000 da suka wuce ake haƙar tagulla a dutsen da ke saman ƙauyen. A 1343 mutanen Queyras da maƙwabtansu suka biya mai mulkin yankin, Humbert na Biyu, kuɗi suka karɓi 'yancin tafiyar da al'amuransu da kansu. Ba ƙaramin abu ba ne ga manoma a wancan zamani.

Amma gonar dutse ba ta ciyar da baki da yawa. A ƙarni na 19 mazauna sun kai kusan 800, sannan samari suka yi ta sauka birane irin su Marseille neman abin yi. Yau ba su kai 300 ba.

Abin da ke riƙe da ƙauyen yanzu shi ne baƙi: masu wasan zamiya kan ƙanƙara lokacin sanyi, da masu hawan duwatsu idan ta narke. Tsabtar sararin samaniyarsa ma ta sa a 1974 aka kafa cibiyar nazarin taurari a kan dutsen Château-Renard, a tsayin kusan mita 3,000.