Filin Manoma: In Babur Ya Ƙi Tashi, A Fara Duba Batir

Jama'a manoma, yau babur ya gaji jaki a ƙauyukanmu. Shi ke kai taki gona, shi ke kai buhu kasuwa, in kuwa ciwo ya kama wani da tsakar dare shi ne motar asibiti. A yawon da na ke yi wurin aikin gona, sau da yawa na kan tarar da mutum ya sayi sabon batir da kuɗin da ya tanada don taki, alhali kuwa tsohon bai mutu ba, yunwa ce kawai ta kama shi.

In ka danna sitata babur bai tashi ba, kada ka yi ta dannawa. Murɗa makulli ka matsa oda. In ta yi ƙara sosai, sitata kuma tana juya inji, to ba laifin batir ba ne, sai ka duba mai da fulogi. In kuwa odar ta yi kukan ɗan tsako, ko ka ji ƙas-ƙas kurum, to wuta ce ta yi kaɗan. In shiru ka ji ɗungum, duba fis tukuna, wataƙila shi ya ƙone.

Sa'an nan ka buɗe murfi ka dubi kawunan batir guda biyu. Sau tari noti ne ya kwance saboda gargadar hanya, ko kuwa wani farin gari ya taru a kai ya tare wuta. Fara cire baƙar waya, sa'an nan ja. Jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi ka goge garin da tsohon buroshi, amma ka lura kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir, don zai kashe ƙarfin ruwan da ke ciki. In ya bushe ka mayar da jar waya, baƙa daga baya, ka ɗaure tamau, ka shafa ɗan man basilin.

Yawancin baburan da mu ke hawa batirinsu mai bolt 12 ne, watau ɗaki shida gare shi, ko wanne yana ba da bolt 2 da 'yan kai. In bakanike ya ɗora mita, cikakken batir zai nuna wajen 12.6. In ya sauko 12, saura kaɗan ya ƙare. In inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In ba a ga haka ba, babur ɗin ne ba ya ciyar da batir, ko sabo ka sa mutuwa zai yi.

To, ga inda a ke yin ɓarna, wurin caji. Batirin babur ƙarami ne, ba ya son a ɗura masa wuta. Dubi jikinsa, za ka ga an rubuta 5Ah ko 7Ah. Raba wannan lamba gida goma, abin da ya fito shi ne wutar da ta dace da shi. Watau mai 5Ah rabin amfiya ya ke so, har wajen awa 10. Mai cajin da ya ce zai haɗa shi da na'urar batirin mota ya cika maka kafin ka gama cin kasuwa, gode masa ka ɗauki abinka. Irin wannan caji ya kan dafa batir, farantan dalma da ke ciki su lanƙwashe. In ka taɓa ka ji ya yi zafi ƙwarai, a cire. Kuma a yi caji a sarari, ban da taba, ban da murhu kusa, domin batir na fid da wata iska mai kama wuta.

Abin da ya fi kashe batir shi ne a bar shi ba wuta kwana da kwanaki. Wani gishiri ya kan daskare a kan farantan, in ya daɗe ba cajin da zai narkar da shi. Manomin da ya jingine babur da damina don laka, ko wanda tafiyarsa ba ta wuce daga gida zuwa bakin fadama, ga kuma yara na cajin waya a jiki, shi ya fi gamuwa da wannan. Ko wane mako a hau shi a yi tafiyar rabin awa. In za a ajiye shi ya daɗe, a cire baƙar waya, a riƙa kai shi caji wata wata.

Da bazara zafi na shanye ruwan batir. In naka mai marufai ne, duba ruwan ya tsaya tsakanin layuka biyu da ke jikinsa. In ya ragu a ƙara tataccen ruwa wanda a ke sayarwa don wannan aiki. Ban da ruwan rijiya, ban da ƙarin asid. Wanda aka rufe shi ruf tun daga masana'anta kuwa ba a buɗe shi. In ruwan ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi asibiti.

Batirin da ya mutu kada a yar da shi a gona ko kusa da rijiya, kada kuma yara su fasa shi. Dalma guba ce. Ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da ya ke waccan daga dutsen zinariya ta fito. A mayar wa mai sayarwa.