Daga Superman zuwa Kanta: Abin da jaruman zane ke koya wa matasan Sakkwato

Duk wanda ya ratsa layin masu sayar da kayan yara a Babbar Kasuwar Sakkwato zai ga fuskokin Spider-Man da Superman da Batman a jikin jakunkunan makaranta da riguna da gorunan ruwa. Yara sun san sunayensu, iyaye na biyan kuɗi, amma kaɗan ne suka san yadda aka ƙago su. A cikin tarihin ƙagowar tasu kuwa akwai darasi ga duk matashin da ke shakkar basirarsa.

Yadda aka haifi jaruman

Samari biyu ne suka ƙirƙiri Superman, wato Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka haɗu a makarantar sakandare a birnin Cleveland na Amurka. 'Ya'yan baƙin haure ne marasa ƙarfi. Siegel ke rubuta labarin, Shuster ke zanawa. Sun shafe shekaru suna kai aikinsu ga mawallafa ana korar su, sai a 1938 ya fito a mujallar Action Comics.

A 1962 Stan Lee da Steve Ditko suka fito da Spider-Man. Ba ƙarfinsa kaɗai ya sa ya shiga ran jama'a ba. Maraya ne da ke hannun matar baffansa, yana fama da rashin kuɗi, yana sayar wa jarida hotuna domin rufin asiri. Masu karatu sun ga kansu a cikinsa.

Ke nan waɗannan jarumai ba daga sama suka faɗo ba. Mutane ne irin kowa suka dubi unguwarsu da damuwarsu, suka yi musu sutura da labari.

'Yan Najeriya sun gwada

A 2013 Jide Martin ya kafa kamfanin Comic Republic a Legas, ya fito da jarumi mai suna Guardian Prime. Shi kuma Roye Okupe na kamfanin YouNeek Studios ya wallafa Malika: Warrior Queen a 2017, labarin sarauniya mayaƙiya da ya samo tushe daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Tarihin na Arewa ne, amma wani daga nesa ne ya ga darajarsa ya zana shi.

Ba wai Hausa ba ta san irin wannan ƙirƙira ba. Tun a 1934 Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, jarumin da ya gwabza da sojojin Turawa sannan ya shiga duniyar aljanu. Ahmadu Ingawa kuma ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi. Kafin su duka akwai Gizo da Ƙoƙi, waɗanda suka riga Spider-Man zama taurarin yara da ɗaruruwan shekaru.

Taskar da ke Sakkwato

Ƙasar Sakkwato ba ta rasa gwaraza ba. Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya yi wa Songhai tawaye ya kuma tsaya da ƙafarsa. Kufan ganuwar birninsa na Surame yana nan a Jihar Sakkwato. Akwai Bawa Jan Gwarzo na Gobir da birnin Alƙalawa. Akwai Shago, ɗan damben da Ɗan Anace ya dawwamar da sunansa a waƙa. Akwai jajiyoyin 'yan taru da Nana Asma'u ta tura ƙauyuka suna karantar da mata, jarumtar da makaminta ilimi ne.

Mai son ya gina labari a kan waɗannan ba ya buƙatar yin shaci-faɗi. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu na adana rubuce-rubuce da kayan tarihi a cikin birnin, ga kuma Cibiyar Nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Sai dai dole mai zane ya san iyakarsa: jama'a ba za su lamunci a siffanta Shehu da manyan malamai yadda aka ga dama ba. Filin tatsuniya da na mayaƙa da na ƙagaggun taurari kuwa a buɗe yake.

Kada a yi wa wani noma

Akwai ɓangaren tarihin Superman mai ɗaci. Siegel da Shuster sun sayar da haƙƙin mallakarsa a kan Dala 130 kacal. Kamfani ya tara dukiya, su suka tsufa cikin ƙunci, sai a 1975 aka yanka musu fanshon Dala 20,000 a shekara, aka kuma maido da sunayensu a kan aikin. A 2024 an sayar da kwafi ɗaya na waccan mujalla ta 1938 a kan Dala miliyan 6.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba mai zane da marubuci kariya da zarar sun fitar da aikinsu a rubuce ko a zane, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa na karɓar rajistar ayyuka domin ya zama hujja. Abin da ya rage shi ne kada a sa hannu a takardar da ba a fahimta ba.

Ga ɗan kasuwa, maganar ta wuce nishaɗi. Tauraro guda da ya karɓu na iya hawa littafin rubutu da riga da jakar fata irin wadda dukawan Sakkwato suka shahara a kanta, ribar ta zauna a gida. Ga iyaye da malamai kuwa, yaron da ke cika bayan littafinsa da zane ba lallai ne ɓata takarda yake yi ba. Da irin wannan takarda samarin Cleveland suka fara.