Asabarin Haske Wanda Lantarki Ke Ɗagewa: Ko Zai Jure Wa Zafin Mubi?

Duk mai gyaran wayar hannu a unguwar Yelwa, ko a cikin babbar kasuwar Mubi, ya san irin aikin da watannin Maris da Afrilu kan kawo masa. Mutum zai mance wayarsa ko na'urar lissafinsa a gaban mota da tsakar rana, ya komo ya tarar fuskarta ta yi baƙi ƙirin, sai ka ce an ɓarar da tawada a ciki. In an yi sa'a, da ta huce sai ta koma yadda take. Abin da ya jawo haka wani irin ruwa ne da aka matse tsakanin gilasai biyu, wanda za mu kira ruwan lu'ulu'u. Shi ne kuma tushen fasahar da za mu gabatar wa masu karatu a wannan mako, watau wani ɗan siririn faifai mai juya haske duk sa'ad da aka so, ya kuma bar shi ya wuce duk sa'ad da aka ba shi lantarki.

Asalin ruwan nan ya daɗe. A shekarar 1888 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Friedrich Reinitzer, ya lura da wani sinadari mai narkewa sau biyu. In zafi ya kai wajen digiri 145 a ma'aunin Salshiyos sai ya zama ruwa mai gurɓi, in ya kai wajen 178 sai ya washe garau. Bajamushen nan Otto Lehmann ya bincika al'amarin, daga baya kuma aka gane cewa a tsakanin matakan biyu abin yana kwarara kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa dogaye ne, suna jere suna fuskantar gefe guda kamar sahun masallata. Da aka gano lantarki na iya juya sahun nan, sai hanya ta buɗe. Kamfanin RCA na Amurka ya nuna allon farko a 1968, Martin Schadt da Wolfgang Helfrich suka fito da tsarin da agogunan hannu suka bi a 1970, sa'an nan George Gray da abokansa na Jami'ar Hull ta Ingila suka haɗa irin da ke aiki a zafin ɗaki a farkon shekarun 1970.

Ɗaya ɓangaren labarin kuwa na hologiram ne, irin hoton nan mai walƙiya da ke jikin waɗansu katunan banki. Dennis Gabor, haifaffen Hungari, shi ya ƙago dabarar a 1947, ya kuma sami kyautar Nobel saboda ita a 1971, amma ba ta yi amfani sosai ba sai da aka ƙera hasken leza a 1960. Ga yadda abin yake. In yaro ya jefa tsakuwa biyu cikin kududdufi, igiyoyin ruwan za su gamu, a wani wuri su taru su yi tozo, a wani wuri su kashe juna. Haka haske yake yi. In aka raba hasken leza gida biyu, aka sāke gama su a wuri guda, sai su zana layukan haske da na duhu a jere, fiye da dubu a cikin faɗin milimita ɗaya. Duk abin da ke ɗauke da layuka masu sirantaka haka yakan karkatar da haske, ya rarraba launukansa. Wanda ya taɓa juya faifan sidi a rana ya ga bakan gizo, to, ya ga wannan aiki da idonsa. Mu kira jerin layukan nan asabarin haske, tun da yake ya yi kama da asabarin ƙofa, tsinke na bin tsinke.

Sai dai asabarin da ke jikin faifai ko katin banki a kafe yake, ba ya ɗaguwa. Tambayar da masana suka yi ita ce, ko za a iya saƙa wanda za a riƙa saukewa ana ɗagewa?

Amsar ta zo a mataki biyu. Da farko James Fergason, daga baya kuma J. William Doane na Jami'ar Kent da ke Jihar Ohayo a tsakiyar shekarun 1980, suka nuna yadda za a tsare ɗigo-ɗigon ruwan lu'ulu'u a cikin roba, wadda masana ke kira folima. Daga nan ne aka sami gilashin tagar nan da yakan yi fari kamar madara, in an latsa makunni ya washe. Wani abin sha'awa ga ƙasa irin tamu shi ne, in an ɗauke wuta gilashin komawa yake yi fari, saboda haka asirin ɗaki a rufe yake ko da masu wuta sun yi halinsu. Mataki na biyu ya zo a 1993 da 1994, lokacin da Richard Sutherland da Lalgudi Natarajan da Vincent Tondiglia da Timothy Bunning, waɗanda ke aiki da ɗakin binciken mayaƙan saman Amurka na Wright-Patterson, suka bayyana yadda suka jera ɗigon nan layi-layi da hasken leza.

Dabarar tasu ta cancanci a tsaya a kanta. Ana dama ɗanyar roba wadda ba ta daskare ba tukuna tare da ruwan lu'ulu'u, a zuba ɗan rini mai jin haske, a matse kwaɓin tsakanin gilasai biyu da aka shafa wa wani sinadari mai ɗaukar lantarki wanda ido ba ya gani. Kaurin kwaɓin bai kai na silin gashi ba. Sai a haska shi da leza ta fuska biyu. A inda layin haske ya faɗa, robar takan daskare da sauri, ta yi ta janyo 'yar'uwarta daga kewaye, ta kori ruwan lu'ulu'u zuwa layukan duhu, inda yakan taru ya zama ƙananan ɗigo. Cikin ɗan lokaci asabari ya saƙu da kansa: layin roba, layin ɗigo, layin roba, layin ɗigo.

To, yaya lantarki ke ɗage shi? A nan mai sayen ƙosai ya fi kowa saurin ganewa. Takarda busasshiya ba a ganin abin da ke bayanta, domin zarenta da iskar da ke tsakaninsa sun bambanta wajen yadda suke karya haske. Da mai ya jiƙa ta, ya cike guraben iskar, sai bambancin ya ragu, har a iya karanta rubutu ta cikinta. Ruwan lu'ulu'u yana da ma'aunin karya haske iri biyu, gwargwadon inda ƙwayoyinsa suka fuskanta. A irin da masu binciken suka yawaita amfani da shi, ɗaya ma'aunin wajen 1.52 ne, ɗayan kuma ya haura 1.7. Ita kuwa robar akan zaɓo wadda nata ma'aunin ya yi daidai da na farkon. Muddin babu lantarki, ɗigon ya saɓa wa robar, haske ya ga layuka, ya karkata. Da an ba da lantarki, sai ƙwayoyin su miƙe su bi sahu guda, ma'aunin ɗigo ya daidaita da na roba, layukan su ɓace wa haske, faifan ya zama gilashi kawai. Duk wannan sauyi yakan auku cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, watau ya fi allon waya mai ruwan lu'ulu'u sauri nesa ba kusa ba. Ba ƙarfen da ya motsa, balle ya ci ko ya yi tsatsa.

An yi ta gwada shi wajen karkatar da saƙonni cikin wayoyin gilashi masu ɗauke da intanet, da wajen tace launuka, da kuma allon da ba ya bukatar fitila a bayansa, wanda hasken rana ke ƙara wa kyau maimakon ya dusashe shi. Kamfanin DigiLens na Kalifoniya ya gina sana'arsa a kan wannan ilmi, ya ƙera gilasan tabarau da na hular kwano masu nuna rubutu a gaban idon mai sanye da su. A Jami'ar Kalabiriya ta Italiya kuma, a farkon shekarun 2000, an fito da wani salo wanda ruwan ke kwanciya shimfiɗe a tsakanin layukan roba ba tare da ɗigo ba, don a rage hasken da ke watsewa a banza.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Ɗigon da aka ƙuntata haka taurin kai gare shi, ba ya juyuwa da sauƙi. Faifan farko-farko sukan nemi lantarki mai ƙarfin bolt 100 ko fiye, alhali batirin waya bai wuce bolt 4 da 'yan kai ba. An rage wannan ta hanyar ƙara waɗansu sinadarai masu kama da sabulu, amma matsalar ba ta kau gaba ɗaya ba, kuma tana cikin dalilan da suka hana fasahar cika kasuwa kamar allon waya.

Matsala ta biyu ita ta fi shafarmu. Kowane ruwan lu'ulu'u yana da iyakar zafin da in ya wuce ta sahun ƙwayoyinsa ke wargajewa, ya koma ruwa kamar kowane ruwa. Sanannen irin nan na George Gray iyakarsa digiri 35 ce, zafin da Mubi kan wuce ko a inuwa kafin saukar damina. Haɗin da aka fi amfani da shi a binciken asabarin nan iyakarsa wajen digiri 60 ce, kuma motar da aka rufe a rana a arewacin Adamawa tana iya kai wannan. Tun kafin a isa iyakar ma, bambancin ma'aunin nan biyu yakan yi ta raguwa, asabarin ya raunana. Gaskiya ne akwai haɗe-haɗen zamani da ake sa wa allon motoci masu jure digiri 100, amma ba kowanne ne ke yarda ya rabu da roba yadda ake so ba. Ke nan kayan da aka auna a ɗaki mai sanyi a Ohayo ba lalle ne su yi aikinsu a gindin duwatsun Mandara ba.

A ganinmu nan ne makarantunmu ke da abin yi. Nijeriya ba ta ƙera allon ruwan lu'ulu'u, daga Sin da Koriya ta Kudu da Taiwan da Japan ake yo shi, mu namu saye ne da gyara. Amma Mubi garin ilmi ne. Kwalejin Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1979 tana nan, Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002 ita ma tana nan, kuma dukansu sun komo bakin aiki bayan mamayar da Boko Haram ta yi wa garin a ƙarshen 2014. Saƙa asabarin haske ba ya bukatar masana'anta. Leza ƙarama, da 'yan madubai, da gilasai, da kwalaben sinadari sun wadatar. Abin da ke da wuya shi ne natsuwa, domin in teburin ya girgiza ko da kashi ɗaya cikin dubu na milimita sa'ad da ake haskawa, layukan sun cuɗe, aikin ya ɓaci. Babbar motar shanu in ta wuce a titi ta isa ta jawo haka, balle janareta da ke kaɗawa a bayan taga.

Ko da saƙar ba ta samu ba tukuna, gwaji yana samuwa. Ɗalibin kimiyyar lissafi da haske zai iya ajiye alluna iri-iri a rana daga Fabrairu zuwa Mayu, ya auna zafin da kowanne ya fara baƙi, da yawan kwanakin da ya yi kafin robarsa ta yi rawaya, da abin da ƙurar hunturu ta yi masa. Masu gyaran waya na Yelwa da Sabon Layi da Lokuwa suna da tulin matattun alluna a ƙarƙashin teburansu, kuma sun san irin da ya fi saurin mutuwa, da watan da ya fi mutuwa a cikinsa.