Yadda Ake Karanta Aska Takwas

A ranar Idi, idan jama'ar Fakuwa da sauran ƙauyukan da ke yankin Kankiya da Kusada suka hallara a filin salla, kowa ya ci ado gwargwadon halinsa, ba a rasa dattijo ɗaya ko biyu da suka zaro tsohuwar riga mai aikin hannu daga ƙasan adaka, wadda mutane kan duba su ce tubarkalla su wuce, alhali kuwa abin da ke ƙirjin rigar nan yana da ƙa'idoji tabbatattu, waɗanda duk wanda ya san su zai daɗe yana nazari kafin ya kau da ido.

Farkon abin da ya kamata mai dubawa ya nema shi ne inda zanen yake jan idonsa. A rigar da ake kira aska takwas, asake biyu dogaye suna sauka daga gefen wuya, sauran shida kuma suna kusa da su, kowace da faɗi a gindi da tsini a baki, ta yadda ido ba ya da zaɓi sai ya gangara tare da su. Amma kafin ya kai ƙasa sai ya ci karo da dagi, wanda zarensa ke shiga yana fita ba a gane mafarinsa balle maƙurarsa, da gidan biyar mai kusurwa huɗu, sai gudun ya tsaya. A ɗaya ɓangaren ƙirjin kuwa, da kuma a baya, tambari ne yake naɗe kansa zagaye bisa zagaye. Tsini, da kusurwa, da da'ira: daga waɗannan siffofi uku aka gina kusan dukan aikin, kuma gwanintar maɗinki tana bayyana ne wajen yadda ya sulhunta su.

Sa'an nan sai batun mizani, wanda a ganina nan ne hikimar take. Idan aka shimfiɗa rigar a tabarma za a ga kamar an zalunci dama, domin kusan dukan nauyin aikin yana hagu, inda aljihu yake, dama kuwa tambari kaɗai aka bar mata da fili fetal. Mai gaggawa zai ce kuskure ne. Amma ba don tabarma aka ɗinka riga ba. Idan mai ita ya sa, ya naɗe hannuwanta bisa kafaɗu, ya miƙa hannun dama zuwa aljihu ko ya ɗaga shi domin gaisuwa, motsin nan da ninkin yadi su ne suke cike gurbin, filin da aka bari kuma shi ne yake ba ido wurin hutawa, har asaken su ƙara fitowa.

Launi bai cika yawa ba, kuma da gangan ne. Sau da yawa farin zare ake ɗorawa a kan farin yadi, ta yadda haske da inuwa kaɗai suke bayyana zanen, musamman inda aka yi ɗaruruwan 'yan ƙananan huji aka ɗaure bakin kowane da allura. Ko kuma a ɗora zaren tsamiya, wanda ake samu daga saƙar wata tsutsa ta daji, a kan saƙi mai baba wanda ɗigo-ɗigonsa ya yi kama da gashin zabo. Jan alharini da fatake suka riƙa kawowa a da ta Sahara daga Tarabulus akan ɓoye shi a cikin bakin riga, ba a ganinsa sai an naɗe hannu. Bature ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Kusada a farkon shekarar 1851 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano, kuma ya ba da labarin yadda tufafin Kano suke kaiwa har Tambutu da Gat, ya sa hoton irin wannan riga mai zanen zabo a littafinsa.

Wanda yake fitar da zanen a kan yadi, da alƙalami da tawada, galibi malami ne ko almajiri, hannun da ya saba da zayyanar allo da jan hatimi, shi ya sa gidan biyar yake tuna wa mutum da hatimin da ake sawa a laya. Ɗinkin kansa kuwa yakan ci watanni. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi dogon bincike a kan wannan sana'a, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a shekarar 1976.

Yau keken ɗinki yana gama aska takwas cikin 'yan kwanaki, kuma ba na ganin laifin wanda ya saya, tun da tsadar aikin hannu ta fi ƙarfin talaka. Sai dai mai son tantancewa ya juya rigar ya dubi cikinta: zaren keke a kwance yake, tsawonsa ɗaya daga farko har ƙarshe, na hannu kuwa yana da tudu, kuma akan gane inda maɗinki ya ƙulla zare ya tashi, da inda wani hannun dabam ya karɓa ya ci gaba.